Agogon Baba a Hannun Kofur

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka, ina yi maka sannu da aiki da zaman daji. Tunda kamfaninku ya kai ku shimfiɗa bututu inda waya ba ta shiga, ga ni na koma takarda da biro kamar wata tsohuwa. Direban motar kayan abincinku ya yarda zai riƙa ɗaukar mana wasiƙa, amma na ga alamar mai mantuwa ne. In ka ji shiru, ka fara tuhumarsa kafin ni.

Mu dai lafiya lau. Jikin Baba ma da sauƙi, ba kamar yadda ka bar shi ba. Ɓarin daman nan da ya shanye har yanzu da nauyi, magana kuma ɗaya-ɗaya take fita, amma ya daina juya fuska bango. Dalili shi ne an sa shi a ajin motsa jiki na asibiti, inda ake tara masu irin larurarsa. Ɗaki ne babba, kujerun roba a zagaye, ga sandunan ƙarfe biyu da ake dafawa a yi tafiya, ga wani keke da ake tuƙawa ba ya zuwa ko'ina. Matar da ke kula da su kowa Likita yake ce mata. Ba ta da wasa, amma tana da kirki.

Da an shiga, sai ta miƙa wa kowa wani maɗauri mai kama da agogo, kowa da lambarsa. A hannu mai lafiya ake ɗaura shi bayan an cire agogo, shi kuma ya nuna bugun zuciyar mutum a wani allo da ke bango. Baba shi ne lamba bakwai. Yaya, ka taya ni murna, Baba ne na ɗaya a ajin! Lambarsa ta fi ta kowa hawa. Ni da nake shan wahalar ɗalibai kafin su kawo maki hamsin, ga ubana yana zarce ɗari ba ko gumi.

Ya kuma yi aboki. Wani tsohon ɗan sanda ne, ana ce masa Kofur, shi ɓarin hagunsa ne ya shanye. Bakinsa kuwa ko ƙwarzane bai yi ba, surutu kamar rediyo. Gefe da gefe suke zama, hannun Baba na hagu kusa da hannun Kofur na dama. Mataimakiyar Likita ce ke zagawa tana ɗaura wa mutane maɗaurin, amma su biyun nan kafin ta iso sun gama, sai Kofur ya ce mata, "Wuce gaba, 'yata, mu nan mutum ɗaya ne mai hannu biyu." Ranar da na fara jin Baba ya yi dariya a ɗakin nan sai da na fita waje na share hawaye.

Af, agogon nan da ka aiko wa Baba, a hannun Kofur na gan shi. Baba kuma ya dawo gida da wani tsohon agogo mai tsagaggen gilashi. Na tambaye shi, ya ɗaga kafaɗa kawai.

Ƙanwarka,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Na samu takardarki, ina lafiya, sai dai sauro da kewar gida. Ki gaishe min da Baba, ki ce ina yi masa addu'a.

Yanzu ki faɗa min, murnar me kike so in taya ki? Na kai takardarki wurin malamin asibitin sansaninmu, ya karanta ya dube ni, ya ce bugun zuciya ba makin jarrabawa ba ne. Ya ce tana ɗan hawa in ana motsa jiki, haka ake so, amma in ta tsoho ta fi ta kowa hawa alhali ko gumi bai yi ba, to a bincika.  Ki je ki tambayi Likitar nan da kyau, ki daina tsayawa kina tafa wa allo.

Sai maganar wannan Kofur. Ni ban gane ba. Mutum ya haɗu da marar lafiya wanda ba ya iya magana sosai, sai ga sabon agogonsa a hannunsa, ke kuma kina ba ni labari kamar abin dariya? Baba ya ba shi ne, ko karɓa ya yi? Kuma me ya sa ba ya barin ma'aikaciya ta taɓa Baba? Ki buɗe ido, Auta. Kin cika yarda da mutane tun kina ƙarama.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa. Ban ga amsarka ba tukuna, amma ba zan iya jira ba. Muna lafiya, ko kuma in ce ban san ko muna lafiya ba.

An dakatar da Baba daga ajin. Ashe hawan nan da nake ta yi wa murna ba abin murna ba ne, don Allah kada ka ce komai, na riga na zagi kaina. Ana cikin tashi da zama a kujera sai lamba bakwai ta koma ja a allo, tana tsalle, ta hau ta sauka ta sake hawa. Likita ta ce, "Baba kafinta, zauna!" Baba ya zauna yana kallonta. Kofur ma ya ce shi ba ya motsi in abokinsa na zaune, ya nemi wuri ya zauna yana haki. Can sai lambar ta lafa. Likita ta kama hannun Baba ta ƙirga da yatsunta, ta ce yanzu daidai take, hutun ne ya taimaka.

An sake gwadawa a zama na gaba, abu ɗaya. Da sun tashi lambar ta haukace, da sun zauna ta kwanta. Shi kuwa Baba in an tambaye shi ko ƙirjinsa na ciwo, ko yana jin jiri, sai ya ce, "Lafiya." Amsa ɗaya ke nan da yake da ita, yana ta maimaitawa har ransa ya ɓaci. Likita ta ce wani lokacin zuciya kan yi haka mai ita bai ji ba, don haka ba za ta yi ganganci ba, sai likitan zuciya ya duba shi.

Abin da ya fi ba ni haushi, shi Kofur yabo yake sha. Lambarsa, takwas, tana hawa a hankali, ta sauka a hankali. Likita ta ce zuciyarsa kamar ta saurayi, har ta ƙara masa lokaci a keke. Mutum yana haki kamar zai faɗi ana yaba masa, Baba yana zaune garau ana korarsa. Ni dai kaina ya ɗaure.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa. Takardarki ta biyu ta same ni, na karanta a tsaye, na sake karantawa a zaune. Abin da nake tsoro ke nan. Mun rasa Umma, ba zan zauna a dajin nan a aiko min da labarin Baba ya faɗi a kan keken asibiti ba. Ga wata 'yar takarda na sa a ciki, ta Baba ce. Ki ba shi a hannunsa, kada ki tace min ita.

Baba,

Ina gaishe ka da jiki, Allah ya ƙara sauƙi. Baba, ban taɓa roƙonka komai ba tun da na girma, yau ina roƙo. Ka yi min alkawari ba za ka sake taka ɗakin motsa jikin nan ba sai na ce ka koma. Na san kai, in ka ce ka yi, ka yi ke nan. Ka sa Auta ta rubuto min amsarka don in samu barci.

Ɗanka

*

Yaya,

Ina gaishe ka. Takardunka biyu rana ɗaya suka iso, direbanku ya ce ta farkon ta shige ƙarƙashin kujera. Na sha faɗan da ke ciki duka a zama ɗaya, na gode.

Na ba Baba tasa. Ya daɗe yana karantawa, yana bin layi da yatsa. Sannan ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Na yi." Ga amsarka nan, sai ka yi barci.

Amma ka saurari wannan. Mun je wurin likitan zuciya. An manna wa Baba wayoyi a ƙirji, an sa shi tafiya a kan wata na'ura, har an bar masa wani ɗan akwati ya kwana da shi a jiki. Sakamako ya fito, likitan ya ce bai ga komai ba, zuciyar Baba lafiyarta ƙalau daidai shekarunsa. Na ce to allon fa? Ya ce shi ma bai sani ba. Likita ta ce ko maɗaurin ne ya lalace, ta ɗaura lamba bakwai a hannunta ta yi ta tsalle a gabana, yana aiki daidai. Maɗauri lafiya, zuciya lafiya, to wa ke ƙarya?

Shi kuwa Baba ya koma gidan jiya. Yana zaune a ɗaki yana kallon akwatin kayan aikinsa na kafinta. Kalmomin da ya fara tarawa suna zubewa ɗaya bayan ɗaya, jiya ko sunana bai kira ba, da hannu ya yafuto ni. Ranar aji in lokacin ya yi sai ya sa hularsa, ya zauna a bakin gado, can kuma ya cire ta. Wallahi gara a doke ni da in ga wannan.

Ga wani sabon rikici kuma. Kofur ma ya daina zuwa da aka dakatar da Baba, wai ba mai ɗaura masa abu sai abokinsa. Da 'ya'yansa suka matsa ya koma, mataimakiya ta ɗaura masa. Ko minti biyar ba a yi ba lamba takwas ta koma ja, tana irin tsallen da ta Baba ke yi. Wannan karon da Likita ta kama hannunsa ta ji abin da kanta. Yanzu haka yana kwance a asibiti. Yaya, ka tambayar min malamin nan naku, ciwon zuciya ana ɗauka ne? Na san tambayar banza ce, amma ta ƙi barin kaina.

Auta

*

Yaya,

Sallama. Muna lafiya, wannan karon da gaske. Ka zauna kafin ka karanta.

Na kai Baba duba Kofur, tunda alkawarinka bai hana zuwa ɗakin marasa lafiya ba. Mun same shi ya rame, amma bakin yana nan. "Kafinta! Sun ce zuciyata ta saurayi ce, ashe saurayin ya tsere!" Baba ya zauna a gefen gadon, ta wajen hannunsa na dama.

Tun da Baba ya daina zuwa aji ya cire tsohon agogon nan, yana yawo da shi a aljihu, bai yarda in ɗaura masa ba. Sai na ga ya zaro shi, ya ɗora a wuyan hannun Kofur, Kofur ya danne da gwiwa, Baba ya ja maɗaurin ya ɗaure. Shi ma Kofur ya miƙa hannu kan durowa ya ɗauko naka, ya ɗaura wa Baba. Ba wanda ya duba na waye. Kowa abin da ke hannunsa ya ɗaura wa ɗan'uwansa.

Sai wani tunani ya faɗo min. Na ce, "Baba Kofur, na asibitin ma haka kuke yi?"

Ya ce, "To da yaya za mu yi, 'yata? Hannu ya taɓa ɗaura wa kansa abu? Ta ba ni, in ɗaura masa. Ta ba shi, ya ɗaura min."

Na ce, "Ba ku musanyawa tukuna?"

Ya ce, "Musanyar me? Agogo ai agogo ne, duk lokaci ɗaya suke faɗa."

Yaya, ka gane? Lamba bakwai tun ranar farko a hannun Kofur take. Lambar kuma ta ciki aka rubuta ta, wajen da ke taɓa fata, in an ɗaura ba mai gani. Zuciyar da muka yi ta kuka a kai ta Kofur ce. Zuciyar saurayin da ake yabo ta Baba ce. Shi ya sa in sun zauna tare take lafawa.

Na ruga na kira Likita, har takalmina ya fita a matakala. Ta saurara, ta riƙe kai, ta ce ita ya kamata ta duba, ta tafi ta sanar da likitan da ke duba Kofur. Da ta dawo ta ce Baba ya koma aji, gurbinsa na nan zuwa ƙarshen wata. Bayan nan dole ta ba wani, don masu jira suna da yawa, kuma in ya fita sai ya sake bin layi daga farko.

Na juya ina murna, sai Baba ya girgiza kai. Ya ɗora hannu a ƙirji ya ce, "Alkawari." Na ce ai dalilin alkawarin ya faɗi, ya ce, "Yayanki." A hanya kuma na ga yana ta kallon hannunsa na hagu, wanda ya riƙa ɗaura wa Kofur maɗaurin da shi. Ya ji sanda Likita ke cewa da lamba takwas, wato bugun zuciyar Baba, ta dogara ta ƙara wa Kofur keke.

Don girman Allah ka rubuto masa layi ɗaya ka sake shi. Agogonka ya dawo, sai ka nemi gafarar bawan Allah.

Auta

*

Auta,

Gaisuwa gare ki da Baba. Ruwa ya cinye gadar da motarmu ke bi, sai yanzu takardarki ta iso, wadda kika ce an kwantar da Kofur. Na karanta sau uku ban fahimta ba. Zuciyar Baba lafiya, amma ba lafiya, kuma ta koma jikin ɗan sanda? Malamin asibitinmu ya ce ba a ɗaukar ciwon zuciya, ya kuma tambaye ni ko kina samun isasshen barci.

Ni abin da na gane shi ne, mutum biyu sun shiga ɗakin nan, zuciyar duka biyun ta rikice. To laifin ɗakin ne. Na gode Allah da na sa Baba ya yi alkawari. Ki faɗa masa ina nan a kan bakana, kada ya kuskura. Agogon kuma ki karɓo kafin wani abu ya samu mutumin, a shiga maganar gado.

Yayanki

*

Yaya,

Ba gaisuwa yau. Wace takarda kake amsawa? Akwai wata a bayanta, ka nemo ta ko da a cikin tayar mota take! Baba ya ga rubutunka a hannuna ya ce in karanta masa. Na so in yi tsallake, ya ƙwace ya karanta da kansa. Ya ninke ta, ya cire hularsa ya rataye, tun daga nan bai ce uffan ba. Wata ya kusa ƙarewa. Wannan ba direbanku na ba ba, wani mai babur ne da zai bi ta sansaninku. A taƙaice: maɗauran aka musanya, Baba lafiyarsa ƙalau, kai kaɗai ka rage.

Auta

*

Baba,

Assalamu alaikum. Takardun Auta biyu sun iso tare, na karanta na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Ina nan nesa ina ba da umarni a kan abin da ban gani ba. Na sake ka daga alkawarin nan, Baba, na sake ka gaba ɗaya. Ka koma ajinka. Tsoro ne ya sa ni, ka yafe min. Ka kuma gaishe min da Baba Kofur, ka ce ɗanka ya yi masa mummunan zato, yana neman gafara.

Auta, mai babur ɗin nan na tsayar da shi a ƙofa har na gama rubutu. Ba zan sake cewa komai a kan makin jarrabawa ba, ke ma kada ki ce komai a kan maganar gado.

Yayanki

*

Yaya,

Sallama da gaisuwa mai yawa, yau kam ka cancanta. Muna lafiya. Takardarka ta iso ana gobe zaman ƙarshe na wata. Baba ya karanta, ya sa ta a aljihun gaba, ya sauko da hularsa da kansa.

Da muka isa sai ya toge a ƙofa. Kujerar gefensa ba kowa. Mataimakiya ta zo da maɗauri, ya ɓoye hannunsa a bayansa. Na ce shi ke nan, duk wahalar nan ta tashi a banza. Sai ga murya daga baranda, "A ba hukuma hanya!" Kofur ne, 'yarsa na turo shi a keken marasa lafiya. An ɗora shi a kan magani, an ce ya riƙa zuwa yana ɗaga hannu daga zaune, ban da keke.

Baba ya tsaya a gabansa, ya nuna hannunsa na hagu, ya nuna ƙirjin Kofur, kalmar ta ƙi fita. Kofur ya ce, "Kai, kafinta, bar wannan. Kai ka ɗaura min, ni na ɗaura maka, wa zai kai wani ƙara? Ba don an kore ka ba ma, da har yanzu ina kan keken nan ina jin ni saurayi ne. Zauna, ka tsare min haske."

Na ɗauka Likita za ta hana su ɗaura wa juna. Sai ta ɗauko lamba bakwai ta miƙa wa Kofur, ta miƙa wa Baba lamba takwas, ta ce, "Ku yi yadda kuka saba." Suka yi. Aka fara tashi da zama, ni kuwa idona na kan allo. Lamba bakwai ta hau a hankali, ta tsaya inda ake so, ta sauka a hankali. Ban tafa ba, na dai yi kuka.

A hanyar gida na faɗa wa Baba zan rubuto maka, ko yana da saƙo. Ya daɗe yana haɗa kalmomin, ban taya shi ba. Ita ce magana mafi tsawo da ya yi tun ranar da ya faɗi, ga ta nan yadda ya faɗe ta:

"Ki ce da yayanki, in zai sake aiko min agogo, ya aiko wa Kofur."

Ƙanwarka,
Auta